An Yi wa Prokop Gayya

Lozina, 25 ga Agusta, 1963

Zenia 'yata,

Ina gaishe ki, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya muke, sai gwiwar babanki da ke hana shi sakat da safe. Shi dai ya ce ba gwiwa ba ce, takalmin ne. Jar saniyar nan ta haihu, mace, kuma tana ba da nono sosai.

Na karanta wasiƙarki a hankali, na kuma maimaita. Da na zo inda kika ce kin gaji da wankin fo da tsawar shugabarku, kina son ki zo ki taya mu girbi, sai na ajiye takardar na fita na zauna a bakin rijiya. Zenia, ki saurare ni. Ke da bakinki kika gaya mini duk wadda ta bar makarantar jinya a tsakiyar zango ba da izini ba, ba a sake karɓarta. Shekara ɗaya ta rage miki. Alkama ba ta tambayar hannun da ya yanke ta. Ni sai da na haura hamsin na iya rubuta sunana, kuma na zauna a bencin yara ne don in daina kai wa Dokiya mai kanti maganar cikina ta rubuta mini, washegari in ji ta a kanti. Ba na so ki dawo ki tsaya inda na tsaya.

Ga labarin gari. Kamfanin jirgin ƙasa ya liƙa takarda a tasha, wai suna so su cire layinmu. Da ma jirgin ya koma zuwa Talata da Asabar kawai. In suka cire shi, dogon rumbun ƙungiyar manoma ya tashi aiki, don ba abin da zai kwashe alkamar, sai kowa ya ja tasa a mota har mahaɗar layin jirgi. In rumbu ya rufe kanti zai bi shi, daga kanti sai makaranta. Kin ga yadda garin Brodi ya koma, coci ne kawai a tsaye cikin ciyawa. Garewanin madarata ma jirgin nan ne ke kai su birni.

Za a yi zaman sauraro a Regina, kuma sun sa shi daidai tsakiyar girbi. Nels maƙwabcinmu ya ce ba kuskure ba ne, sun san lokacin da manomi ba ya iya ɗaga kai. An taru a zauren gari ranar Juma'a don a zaɓi wanda zai je. Nels ya miƙe ya nuna babanki ya ce, "Prokop za a tura. Yana nan aka shimfiɗa layin, kuma shi kaɗai ne in ya fara magana ba wanda ya san inda ake kashe shi." Kowa ya yi dariya. Babanki ya ce, "Je ka kai, tunda sha'ir ɗinka ko tsuntsu ba ya kallonsa. Ni ranar da kuka ga na bar alkama a tsaye, to ɗauko ni aka yi a kafaɗa." Haka aka watse ba a tsayar da kowa ba.

Alkamar ta yi kyau bana, Allah ya tsare ta daga ƙanƙara. Ki riƙa sa safa mai kauri in kina aikin safe. Ki zauna inda kike.

Mamarki,
Yustina


Winnipeg, 1 ga Satumba

Mama,

Na gaishe ki, na gaida Tato, babana. Ina lafiya, har na ƙara ƙiba, don haka kada ki aiko da man shanu, ba inda zan ajiye shi.

Na ji faɗanki. Gajiya ce ta sa na rubuta abin da na rubuta, ranar shugaba ta sa na sake shimfiɗa gadajen ɗaki guda saboda kusurwar zane ba ta miƙe ba. Zan zauna. Rubutunki ma ya fi na likitocin nan kyau, su nasu sai an taru a kai kamar ana karatun sawun kaza.

Maganar layin ta dame ni. Na tuna yadda muke hango sunan garin a jikin rumbu tun daga nesa, mu ce mun iso gida. Amma gwiwar Tato ta fi damuna. A asibitin nan kullum ana kawo maza irinsa daga ƙauyuka, kuma ba sa zuwa sai sun kasa tsayuwa. Kowanne sai ya ce takalmi ne, ko iska ce ta buge shi. Ki sa shi ya ga likita in an gama girbi.

Abu ɗaya nake roƙo. Kin tuna Slavko, ɗan gidan Harasim, da aka binne uwarsa yana makaranta a Saskatoon, aka ƙi gaya masa sai da ya gama jarrabawa? Mutanen Lozina suna ganin alheri suka yi masa. Ni kada a yi mini irin wannan alherin. Duk abin da ya faru, ki rubuto mini shi yadda yake.

'Yarki,
Zenia


Lozina, 14 ga Satumba

Zenia 'yata,

Gaisuwa, ina lafiya, da fatan kina lafiya. A tsaye nake rubuta wannan don jirgi ya kusa.

Babanki ya tafi ranar Talata. Na goge masa baƙar kwat ɗinsa, ta zauna masa kamar ranar aurenmu. Gari duka ya fito rakiya, fada ya yi masa addu'a, Dokiya ta yi kuka har ta fi ni. Gidan ya yi mini girma.

Ranar Alhamis maƙwabta suka yi mana gayya. Da ma kin gani. Injinan girbi a jere tun daga shingen Nels har bakin fadama, motoci suna ta kai alkama rumbu, kafin rana ta faɗi ba ko zangarniya ɗaya a tsaye. Mata suka zo da naɗin kabeji da burodi, ni na yi pirohi, ƙullin fulawan nan mai dankali, har tukunyar wanki na dafa a ciki. Mai awo a rumbu ya ce alkamar babanki ce ta fi ta kowa daraja bana. Na so a ce yana nan ya ji da kunnensa.

Kada ki damu da ni, kuma kada ki ce za ki zo. Ki riƙe karatunki, abin da yake so ke nan. Ga jirgin can yana kuka.

Mamarki


Winnipeg, 18 ga Satumba

Mama,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba.

Tun ina yarinya sau nawa aka yi gayya a Lozina? Na gidan Harasim, shekarar da matarsa ta rasu. Na gidan Bergen, da tarakta ta danne shi. Ba a shigar da injin wani gonar mutum yana da ƙafar tsayuwa, Tato da kansa ya koya mini haka. Baƙar kwat ɗin nan kuma kowa ya san abin da ya ajiye ta dominsa, ko bikin yayana bai yarda ya sa ta ba.

Na ce wa kaina ko Regina ya tafi. Sai na ɗauko wasiƙarki ta farko na ga abin da ya faɗa a zaure. Na sauka ƙasa na roƙi a haɗa ni da wayar kantin Dokiya. Ba ta nan, tsoho Harasim ne ya ɗauka. Na ce ina Tato? Ya ce, "Wa? Prokop? Ai ya tafi, yarinya. Mun raka shi, mutum ne na kirki." Ina ta kiran sunansa, shi kuma ya ajiye.

Na roƙe ki kada ki yi mini abin da aka yi wa Slavko. Na sani tsoro kike ji, ba na jin haushinki. Amma ba zan tsaya ina gyara kusurwar zane ba alhali kina kwana ke kaɗai a gidan nan.

Na je wurin shugaba. Ta ce in kawo mata waya a rubuce da ke tabbatar da rasuwa, in babu to ba izini, kuma in na fita kada in dawo. Na ce na ji. Zan hau jirgin Juma'a, in tari namu na Asabar a mahaɗa.

Zenia


Lozina, 21 ga Satumba

Zenia,

Babanki yana raye. Na fara da wannan ko da yake ina jin kin riga ni ganinsa. Lafiyata ƙalau.

Regina ya tafi, 'yar nan. An sake taro ranar Lahadi bayan coci, Nels ya ce in dai alkama ce ta riƙe Prokop, to su za su cire masa ita a rana ɗaya. Babanki ya ce ba a yi wa mai rai gayya. Nels ya ce, "To ka mutu na mako ɗaya mana, gari ya gode." Haka suka yi ta yi da shi har ya sauko. Kwat ɗin kuwa ni na matsa, na ce ba zai tsaya gaban masu jirgi da rigar da ke warin dizal ba. Maganar nan a garin nan har karnuka sun san ta, sai na manta Winnipeg ba Lozina ba ce. Na zauna na tuna abin da na rubuta miki, kalma bayan kalma, na ga da ni aka aiko wa haka, da tuni na ɗaura baƙin kallabi.

Yau na je tasha in tare shi, don ya aiko cewa an ɗaga zaman, sai yau zai dawo. Bai sauko ba. Aka miƙo mini wasiƙarki, na karanta ta a nan kan benci, da na kai ƙarshe na tashi ina leƙa tagogin jirgi ina kiran sunanki. Sai mai duba tikiti ya ce, a gaban kowa, "Uwargida Horbal, mijinki ya ce kada ki jira shi, ya bi wata budurwa Winnipeg." Dokiya tana tsaye a bayana. Ba sai na gaya miki yadda fuskarta ta yi haske ba. Na ce mata, "Budurwar da ke kika yanke mata cibiya ce, je ki buɗe kantinki."

Yanzu ban san komai ba. Ban san ko shugabarku ta karɓe ki ba. Na tatsi shanu, na zuba wa kaji, na dawo na tarar na zuba musu gishiri a madadin tsaki. In sun kore ki, ki dawo, gidanki ne, ba wanda zai ce miki uffan. Amma ki nuna wa shugabar takardar nan. Ki ce mata uwar ce ba ta iya jera magana ba, yarinyar ba ta da laifi. In tana so in rubuto mata da kaina, zan rubuta, zan kuma ba malamar makaranta ta duba kafin in aika.

Ki amsa mini da jirgin Talata in Allah ya yarda.

Mamarki


Winnipeg, 23 ga Satumba

Mama,

Ina lafiya, Tato yana lafiya, yana nan a gidan ɗan ƙanwarsa yana koya musu yadda ake yanka burodi. Zai taho da wannan takarda a aljihunsa. Ba a kore ni ba. Yanzu ki zauna ki karanta saura a hankali.

Na sauka a mahaɗa da safe, idona a kumbure, na shiga ɗakin jira. Can a kusurwa ga wani mutum da baƙar kwat, ya shimfiɗa jarida a cinya yana yanka kubasa, naɗaɗɗen naman nan namu, da wuƙar aljihu, ɗakin duka warin tafarnuwa. Na tsaya, jakata ta faɗi. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ke kuma wa ya mutu?" Na ce, "Kai." Ya ce, "To ba a gaya mini ba." Sai na faɗa jikinsa, na ɓata masa gugar da kika yi.

Da na ba shi wasiƙarki ya karanta, ya yi dariya har mai share tasha ya leƙo. Amma da na gaya masa abin da shugaba ta ce, dariyar ta tsaya. Ya naɗe kubasar ya ce, "Tashi." Na ce jirginmu bai zo ba. Ya ce, "Naki ya zo, ga shi can ya juya baya." A hanya bai yi mini faɗa ba. Ya ce dai da uwarki ta ga ranar da za ki dawo gida da jaka a tsakiyar zango, gara ta ga an cire layin.

Ya ba ni labarin Regina. Ya ce mutanen kamfani sun zo da taswira, suna nuna layinmu da sanda suna cewa ba ya biyan kansa. Da aka kira shi aka ce ya taƙaita. Ya gaya musu yadda shi da kakana suke jan alkama da shanu su kwana a hanya kafin a kawo layin, da yadda manoma suka haɗa hannu suka gina rumbun don su daina tsayawa gaban ma'aunin wani, da shekarun fari da jirgin nan ya kawo musu ciyawa da kifin da ba wanda ya san yadda ake dafa shi. Ya ce shugaban zaman ya tambaye shi, in girbi ne yanzu, wa ke yanke tasa gonar? Ya amsa, "Garin da kuka ce babu shi." Ba su yanke hukunci ba, sun ce za su rubuto.

Da safiyar yau muka shiga ofishin shugaba. Ya cire hula ya ce, "Ranki ya daɗe, ni ne mamacin." Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce doka ba ta san wasa ba, kuma ta gargaɗe ni da bakinta. Ya ce haka ne. Sai ya ja kujera ya zauna ba a ba shi ba, ya yi mata bayanin gayya tun daga tushe, wa ake yi wa, wa ba a yi wa. Ya ce, "Yarinyar nan daidai ta karanta. Mu ne muka yi abin da ba a taɓa yi ba, ba mu kuma sanar da ita ba. In akwai wanda za a kora, ni ne, sai dai ban san ko kin ɗauke ni ba." Ta ce tana da aiki. Ya ce shi ba shi da shi, an gama masa girbi.

Ta daɗe tana duban takarduna. A ƙarshe ta ce in koma ɗaki in sa farin kaya. Amma ba ni da hutu ko na kwana ɗaya har in gama, har da Kirsimeti, nasu da namu na Janairu. Na ce na gode. A waje Tato ya goge goshinsa ya ce da ita kamfani ya tura Regina, da yanzu ana cire kusoshin layin.

Na kai shi wurin wani likita ya duba gwiwar. Ba takalmi ba ne. Ya ba shi magani ya ce ya rage hawa tsani, ki sa ido.

Mama, kada ki daina rubuto mini da hannunki saboda wannan. In kika koma wurin Dokiya ba zan buɗe ba.

'Yarki,
Zenia


Lozina, 1 ga Disamba

Zenia 'yata,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya kina kuma cin abinci. Wasiƙunki na Oktoba da na Nuwamba duk sun iso. Mu lafiya lau. Dusar ƙanƙara ta kai rabin shinge. Babanki yana shan maganinsa in ina kallo.

Takardar Regina ta zo. Sun ce za a bar layin a yanzu, su sake dubawa nan gaba. Nels ya ce wannan ba nasara ba ce, jinkiri ne. Babanki ya ce manomi da jinkiri yake rayuwa, ƙanƙarar da ba ta sauko bana ba ita ce arzikin bana. 'Yan ƙungiya sun yanke shawarar fente rumbun da bazara su sake rubuta sunan garin, don ya koɗe har L ɗin ba ta fita. Wasu ma'aurata matasa sun karɓi gonar Bergen, matar tana da ciki, ta tambaye ni yaushe nas ɗinmu za ta gama. Na ce mata ta yi haƙuri da na farko, ki same ta a na biyu. Ban yi wa kowa alkawari a madadinki ba, in birni ya fi miki ki zauna. Na dai faɗa miki an tambaya.

Tsoho Harasim har yanzu in ya ga babanki sai ya ce, "Au, ka dawo?" Dokiya kuma ta daina maganar budurwa tun da fada ya yi huɗuba kan harshe.

Sai maganar Kirsimeti. Na yi ta juya ta. Tun da aka haife ki ba a taɓa kunna kyandir ɗin jajibiri babu ke a teburin ba, kuma ni na jawo. Na fara tunanin in aiko miki da dafaffiyar alkama da zuma a jirgi, sai na ga za ta daskare a hanya, in ma ba ta daskare ba ke kaɗai za ki ci a bakin gado.

To ga abin da na yanke. Tunda ba za ki iya zuwa ba, ni zan zo. Rabona da shiga jirgi tun wanda ya sauke mu a filin nan ina riƙe da zanen uwata, kullum sai dai in ɗora masa madara in koma gida. Babanki ya ce zai raka ni, na ce shanu ba su san Kirsimeti ba, ya zauna ya tatsa. Ya ce zan ɓata a mahaɗa. Na ce akwai allo a kowace tasha, kuma ina da baki.

Ki tambayi shugabarku ko za ta ba ki maraice ɗaya, ranar shida ga Janairu, ko da a ɗakin baƙi ne. In ta ƙi, ki ce zan zauna a bencin ƙofa har ki tashi aiki, ta riga ta san yadda 'yan gidanmu ke zama. Ki rubuto mini sunan titin da lambar motar da zan hau daga tasha.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma na riga na sayi tikitin, yana cikin gwangwanin shayi.

Mamarki,
Yustina Horbal